An ba ƙanena Tarihi maimakon Lauya: mu ci bashin karatu ko mu haƙura?

Shehu Tela: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya buɗe baki ya yi magana. Ƙanena Nura sau biyu yana zana JAMB yana neman karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, harabar Kongo. Bara bai samu ba. Bana sunansa ya fito, amma Tarihi aka ba shi, a harabar Samaru. Tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da gidan, da keken ɗinki biyu a Tudun Wada, ga nawa iyalin. An ce akwai bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance. Hajiyarmu ta ce ita ba za ta yarda maraya ya fara rayuwa da bashi a wuya ba, a kan karatun da ba a san inda zai kai shi ba. Ni abin da nake son ji, wanda ya karanta Tarihi nawa yake samu in ya gama? Ba labarin farfesoshi ba, na 'ya'yan talakawa irinmu.

Alhaji Ɗanladi Bakano: Wa alaikumus salam. Shehu turo min yaron nan Kantin Kwari in ɗora masa dila a ka. Ku Zagezagi boko ya gama da ku. Shekara huɗu yaro na haddace sunayen sarakunan da suka mutu, ya fito ya zo yana neman in ranta masa kuɗin mota.

Mustafa Akawu: Alhaji a bari mu ji daga bakin masu abin tukuna, wasan ya biyo baya.

Malama Rabi: Yaya Shehu, ni Tarihi na karanta, na gama a 2016, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Lokacin bautar ƙasata alawus ɗinmu naira 19,800 ne. Ina dawowa Zariya na yi wata bakwai a gida ina zagaye da takardu a leda. Ƙarshe wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni a kan dubu 18. Ka lura, ƙasa da abin da nake karɓa ina bautar ƙasa. Kuma ba Tarihi na koyar ba, don babu shi a jadawalin makarantar gaba ɗaya. Darasin Gwamnati aka ba ni a babbar sakandare, da na zamantakewa a ƙarama, ranar da malamin Turanci bai zo ba ni ce malamar Turanci.

Ba na manta ranar albashina na farko. An kira mu ɗaya bayan ɗaya ofishin mai makarantar, ya miƙo min ambulan ruwan ƙasa, an rubuta sunana da jan biro. Na fita bayan aji na ƙirga, 16,500. Na koma na ce ranka ya daɗe bai cika ba. Ya jawo littafin sa hannu ya nuna min kwana uku da na makara, kowace rana ɗari biyar. Daga cikin gari nake zuwa, mota biyu nake shiga. Da na cire kuɗin motar wata, abin da ya rage bai kai kuɗin turmin atamfa mai kyau ba.

Yanzu na canja makaranta, ina karɓar dubu 45, ina yi wa yaran gida biyu darasi da yamma, ina sayar da turaren wuta. Asiri a rufe, alhamdu lillahi. Amma yaron da aka turo mana bautar ƙasa bana dubu 77 gwamnati ke ba shi, ni da nake nuna masa yadda ake rubuta tsarin darasi ya kusa ninka ni.

Shehu Tela: Inna lillahi. Malama, yaron shagona mai yin aikin wuyan riga ya fi haka a watan azumi.

Malama Rabi: Ai shi ya sa na faɗa maka ba ɓoye-ɓoye. Amma kada in yi wa karatun ƙarya. Cikin 'yan ajinmu da nake da labarinsu akwai biyu a hukumar shige da fice, ɗaya a banki, ɗaya yana gabatar da shiri a gidan rediyo, ɗaya ya yi digiri na biyu yana koyarwa a kwalejin ilimi. Mafi yawanmu dai alli muke riƙe, ko kasuwa.

Auwal Mai POS: Ni ma Tarihi ne, kuma da sakamako mai kyau na fita. Duk wanda ke bin bakin titin Samaru ya san lemata. Abin da zan ƙara a kan maganar Anti Rabi shi ne, a daina ɗora wa Tarihi laifin da ba nasa ba. Wanda ke kusa da ni yana sayar da caja da gilashin waya injiniya ne. Mai kawo mana kunun aya ilimin ƙananan halittu ta karanta. Lauyan ma da Nura ke nema, ku je ku tambayi sababbin lauyoyi nawa ake ba su a ofisoshin manya, wani sai ya rufe baki don kunya. Shekara biyar a jami'a, ɗaya a makarantar lauyoyi, ga kuɗin rigar da hular. A ƙasar nan mai uwa a gindin murhu shi ke cin tuwo da miya, ko me ya karanta.

Alhaji Ɗanladi Bakano: To ai maganata ka maimaita, Auwal. Tunda ƙarshenta lema ce, me ya hana a fara da lemar tun yanzu?

Auwal Mai POS: Alhaji saboda ranar da aka buɗe ɗaukar aiki, mai kwali kaɗai ake ce wa ya cike fom. Kwastan, shige da fice, ƙaramin hafsa a soja, aikin gwamnati mataki na 8, yawancinsu digiri suke tambaya ba su damu da na mene ne ba. Ni ina zaune a ƙarƙashin lema amma takarduna na cikin waya. Wanda bai da su ko an buɗe ƙofar ba shi da ƙafar shiga.

Baba Tanimu: Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, jikata ce ke ƙara min girman rubutun. Shehu, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri.

Ina so ku san wane gida aka ba yaron nan gurbi, don na ga ana maganarsa kamar an jefa shi juji. Sashen Tarihi na jami'ar nan tare aka haife shi da jami'ar a 1962. Farfesa Abdullahi Smith ne ya kafa shi, Bature ne da ya zo daga Jami'ar Ibadan, ya musulunta, ya ƙare rayuwarsa a nan Arewa. Su ne suka bi gidajen malamai da fadoji suna tattara littattafan da kakanninmu suka rubuta da Larabci da ajami, a lokacin da wasu ke cewa ba mu da wani tarihi kafin zuwan Turawa. Gidan Arewa da ke Kaduna, gidan Sardauna, a 1970 aka mai da shi cibiyar bincike. Dakta Yusufu Bala Usman a wannan sashen ya koyar har ya rasu a 2005, kuma daga nan aka ɗauke shi ya zama sakataren gwamnatin tsohuwar jihar Kaduna zamanin Balarabe Musa. Farfesa Abdullahi Mahadi da ya shugabanci jami'ar ɗan wannan sashen ne. Shi kuma Alhaji mai ce mana masu haddace matattu, Malam Adamu Ciroma Tarihi ya karanta a Ibadan, ya yi editan New Nigerian, ya yi gwamnan Babban Banki a 1975, ya yi ministan kuɗi a 1999. Kuɗin da kake ƙirgawa a Kwari ɗan Tarihi ya taɓa riƙe makullinsu.

Alhaji Ɗanladi Bakano: Allah ya ba Baba haƙuri, na janye rabi.

Auwal Mai POS: Baba, Allah ya ƙara girma, ba musu nake da kai ba. Amma zamanin su Malam Adamu masu digiri a Arewa ana iya ƙirga su. Ko me ka karanta kujera na jiranka.

Baba Tanimu: Gaskiyarka ɗana, kuma ban ɓoye ba. Mu a lokacinmu gwamnatin jiha ke biya mana komai, da tikiti muke cin abinci, kafin ka gama bautar ƙasa takardar kama aiki ta iso. Wannan zamanin ya tafi, ba zan yaudari Shehu ba. Amma abin da ya karya 'yan Tarihi fiye da saura ku san shi: cire darasin da aka yi daga firamare da ƙaramar sakandare, wanda ya fara aiki wajen 2009. Babbar kasuwar mai digirin Tarihi ita ce aji. Da aka rufe ajin, ina zai je? Shi ya sa Rabi ta tarar ba a koyar da shi. Shi ya sa kuma jami'o'i da yawa, musamman a Kudu, suka riƙa liƙa wa sunan sashen wutsiya, wannan ya ce Tarihi da Hulɗar Ƙasashe, wancan ya ce Tarihi da Diflomasiyya, don yara su daina gudu.

Malama Rabi: Baba an ce an dawo da shi. A 2022 aka yi bikin dawo da shi har aka ce an zaɓi malamai 3,700 za a horar, a 2025 kuma aka sake sanar da cewa dole ne daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Ni dai a inda nake, ni aka ƙara wa darasin a kan waɗanda nake da su, ba a ƙara min ko sisi ba. Mai makarantar kuɗi ba zai ɗauki sabon malami ba in yana da wanda zai ɗora wa.

Mustafa Akawu: To bari in shigo da nawa fannin, don na ga an bar maganar bashin a baya. Yadda tsarin yake a dokar da aka sake sa wa hannu a watan Afrilun 2024: babu kuɗin ruwa, babu neman mai tsaya maka. Kashi biyu ne. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, yaro ba ya ganinsu. Sai kuɗin kashewa, dubu 20 a wata, wannan asusun yaro yake shiga, kuma ba dole ba ne, mutum na iya neman na rajistar kaɗai. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Mai sana'ar kansa shi ma kashi 10 na ribarsa. Wanda bai samu aikin ba yana iya yin takardar rantsuwa a ɗaga masa ƙafa, amma rantsuwar ƙarya laifi ce da ke kai mutum gidan yari.

Yanzu mu yi lissafin tela. Mu ƙaddara Nura ya karɓi duka biyun, bashin ya taru ya kai miliyan ɗaya a shekara huɗu. Misali na ba da, ba adadin kowa ba ne. In ya samu aiki a kan mafi ƙarancin albashi, dubu 70, za a riƙa cire dubu 7 a wata, dubu 84 a shekara. Kusan shekara 12 ke nan. In kuwa irin makarantar Malama ce, a ce dubu 35, to 3,500 a wata, shekara kusan 24. Zai aurar da 'ya yana biyan bashin karatunsa.

Shehu Tela: Shekara 24! Wallahi in na karanta wa Hajiya wannan magana ta ƙare.

Mustafa Akawu: Tsaya tukuna, ɗaya fuskar ita ce ta fi muhimmanci. Tunda babu ruwa, miliyan ɗayan nan ba ta girma, naira kuma kullum ƙanƙancewa take. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500. Kai ka sani, nawa kake sayen yadin shadda shekara uku da suka wuce, nawa kake saye yau? Wanda ya ranta maka kuɗin buhu goma yau, ya ce ka biya shi adadin nairar nan bayan shekara goma, ƙila kuɗin buhu uku za ka mayar masa. A lissafin kuɗi zalla, ban san wani bashi a Najeriya da ya kai wannan sauƙi ba. Abin tsoron shi ne ƙanƙantar albashin, kuma wannan ko ya ci bashi ko bai ci ba yana nan yana jiransa.

Shehu Tela: Malam Idi na gani kana karantawa. Allah ya gafarta malam, Hajiya ba lissafi ne damuwarta ba, kabari ne.

Malam Idi: Na'am Shehu, kuma damuwarta tana da asali. Ya tabbata a hadisi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Kuma an kawo wata gawa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya ko akwai bashi a kansa, da aka ce akwai bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Saboda haka kada kowa ya yi wa tsohuwa dariya. Amma bashin da babu ƙari a cikinsa halal ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan yadda ake rubuta bashi ta sauka. Abin da ni nake jin tsoro daban ne. Na ji yara da kunnena suna cewa ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, wa zai biya. Wanda ya karɓa da wannan niyyar tun ranar ya shiga matsala. In Nura zai karɓa, ya karɓa da niyyar biya, kuma gwargwadon buƙata.

Mustafa Akawu: In ƙara a kan na Malam, dokar ta yi tanadin yafe bashin idan wanda ya ci ya rasu. Ba a bin uwa ko ɗan'uwa. Wannan a faɗa wa Hajiya.

Anti Binta: Ina biye da ku daga Ingila, sai yanzu na taso daga aiki. Ku gode wa Allah a kan rashin ruwan nan. A nan ɗan ƙasa ma daga 2017 zuwa 2025 fam 9,250 ya riƙa biya duk shekara, yawanci da bashi, kuma da ruwa a kai. Kashi 9 ake cirewa na abin da ya haura wani adadi na albashi, sai bayan shekara 30, sababbin ma 40, a yafe ragowar. Wasu suna biya bashin na ƙaruwa. Kuma irin wannan gardamar tamu su ma suna yi, wai me Tarihi zai ba ka. Bambancin, a nan kamfani na ɗaukar ɗan Tarihi ya koya masa aikin, don ya san ya iya karanta takardu masu yawa ya fitar da magana a shafi ɗaya. A gida kuwa sai a tambaye ka ɗan waye.

Kabiru Ɗan Kusfa: Bari in ba ku nawa, don ya ɗan bambanta. Ni ma a wannan sashen na yi digiri na ɗaya da na biyu, ba ni da aikin gwamnati har yau, amma da Tarihin nake ci.

Yadda abin ya fara, wani lauya ne ke da shari'ar gona tsakanin zuri'a biyu a wani ƙauye, kowa na cewa kakansa ne ya sare dajin. Aka haɗa shi da ni. Na shiga mota na tafi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Wanda bai taɓa shiga ba, takardun lardin Zazzau na zamanin Turawa suna can, da alamar ZARPROF a jikin fayil. Kwana huɗu ina cike takardar neman fayil ana fito min da su. Takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta a shayi, in ka juya da ƙarfi gefenta ya karye a hannunka, tsatsar allurar da aka maƙale su ta ci rami a kusurwa. Atishawa kuwa ba a magana. Rana ta huɗu bayan azahar na faɗa kan rahoton kimanta haraji na gundumar, wani jami'in Bature ya bi ƙauye-ƙauye ya rubuta sunan mai unguwa, yawan gidaje, abin da suke nomawa, har da ɗan zanen taswira da rafi. Ga sunan ƙauyen, ga sunan kakan ɗaya daga cikinsu. Na zauna ina kallon takardar, hannuna har rawa yake. Abin da lauyan ya ba ni a aikin nan ya fi albashin Malama Rabi na wata uku.

Daga nan aka san ni. Masu neman sarauta da ke son a tsara musu salsalar gidansu, iyalan da ke son a rubuta tarihin mahaifinsu kafin taron tunawa da shi, ɗaliban ƙasashen waje da ke son wanda zai ɗaukar musu hoton fayil ko ya yi musu tafinta a ƙauye, ƙungiyoyin da ke binciken rikicin manoma da makiyaya. Amma kada in zuga ku. Wani watan in samu dubu ɗari uku, sannan in yi wata uku ko kiran waya babu. Ba fansho, ba tabbas. Kuma aikin ba zai ɗauki mutum ɗari ba, mu kaɗan ne muka ishe shi.

Abu ɗaya da ya raba ni da 'yan ajinmu, karatun allo da na zaure. Ina karanta ajami da Larabcin malaman da. Yawancin masu digirin ba sa iyawa, yawancin masu iyawar kuma ba su da digirin. Yaya Shehu, Nura ya yi makarantar allo?

Shehu Tela: Ya sauke tun yana aji uku, kuma yana zuwa ɗaukar littafi wajen wani malami a cikin gari bayan asuba.

Kabiru Ɗan Kusfa: To kada ya bari. Wallahi wannan ya fi masa wani kwas ɗin kwamfuta na wata uku, ko da yake ita ma kwamfutar ya koya.

Alhaji Ɗanladi Bakano: Kabiru, na lardin Kano ma suna can Kadunan? Akwai wata gonar kakanmu da 'yan uba suka... bari dai zan kira ka.

Auwal Mai POS: Jama'a ku shaida, mai dila ya zo neman masu haddace matattu.

Alhaji Ɗanladi Bakano: Na janye ɗaya rabin. Amma a yi min ragi.

Malama Rabi: Yaya Shehu wata shawarar, in har zai yi, ya san cewa digirin Tarihi zalla ba ya sa a kira ka ƙwararren malami. Sai ka ƙara difloma ta koyarwa, ka yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN. Ni sai da na yi shekara huɗu ina koyarwa na gane haka, ranar da aka buɗe ɗaukar malaman gwamnati aka tambaye ni takardar. Ana yin diflomar a cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, a ƙarshen mako. Aikin gwamnatin ma ba gadon barci ba ne, kowa ya tuna 2017 da aka sallami malaman firamare 21,780 a jihar nan bayan jarabawar gwaji. Amma ko ba komai mafi ƙarancin albashin jiha dubu 72 ne, ga fansho, ya fi ambulan mai jan biro.

Shehu Tela: To batun canjin kwas fa? Wani ya ce min ya shiga kawai, in ya yi shekara ɗaya sai ya koma Lauya.

Auwal Mai POS: Da wannan maganar aka shigo da rabin ajinmu. Ana canjawa zuwa wasu sassan in sakamako ya yi kyau kuma akwai gurbi, amma Lauya kowa ita yake hari, kuma adadin da aka yarda su ɗauka ƙayyadadde ne. Kada ya shiga da wannan a ransa, don wanda ke zaune a aji yana kallon taga shi ke fita da sakamakon da ba ya amfanar kowa. Hanyar da na ga ta yi wa wasu aiki, su gama digirin farko da kyau sannan su nemi Lauya kai tsaye daga aji biyu. Doguwa ce, kuma kuɗi ne.

Baba Tanimu: Kuma ku sa yajin aikin malaman jami'a a lissafi. Na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shekara huɗun takarda ba kullum take zama huɗu ba. In zai sake zaman jiran JAMB ta uku, ga shekarar da ya ɓatar, ga wadda ba a san za a ɓatar masa ba.

Shehu Tela: Na gode ƙwarai jama'a. Bari in je gida da daddare mu zauna, zan dawo muku da yadda aka yi.

Shehu Tela: Salamu alaikum, barkanmu da safiya. Jiya bayan isha'i mun zauna a ɗakin Hajiya, na karanta musu komai, har da na Alhaji. Na zaci Nura zai ce shi Lauya ko ba komai. Sai ya ce shi wallahi ko Tarihi ko mene ne zai tafi, ya gaji da zaman shago yana sa maɓalli abokansa na wucewa da jaka suna aji biyu. Ba son Tarihin yake ba, ba kuma ƙinsa yake ba, bai san shi ba ne, ko sau ɗaya ba a taɓa koya masa shi a makaranta ba. Labarin Kabiru ne kaɗai ya sa ya ɗago kai, ya ce a sake karanta masa wajen taswirar.

Rigimar a kan dubu ashirin ɗin nan aka yi. Shi yana so, wai zai tara ya sayi kwamfuta. Ni na ce a'a. Daga Tudun Wada zuwa Samaru ba sai ya kama ɗaki ba, abinci yana gida, kuɗin mota kuma ya zo shago Asabar da Lahadi ya nema da hannunsa, in ya iya aikin wuya kafin azumi kwamfutar ma za ta fito. Mustafa na san a lissafinka asara na yi.

Mustafa Akawu: A takarda ka yi asara. Amma ba ni zan kwana da bashin ba, kuma in kun cire na kashewar abin da zai taru ba zai kai rabin misalin da na ba da ba.

Shehu Tela: Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta tashi ta buɗe akwatinta ta ɗauko littafin da mahaifinmu ke rubuta bashi, mai baƙin bango, wanda muka bi muka biya mutane bayan rasuwarsa, duk an soke sunayen da biro. Ta ce ta yarda da na rajistar kaɗai, da sharaɗin duk shekara in an biya, Nura ya rubuta adadin da kwanan wata a sabon shafi da hannunsa, ni in sa hannu a ƙasa a matsayin shaida, littafin kuma a wajenta zai zauna. Ta ce ita ba ta san wata NELFUND ba, littafin nan ta sani.

Malam Idi: Ma sha Allah. Hajiya ta yi aiki da ayar ba tare da an karanta mata ba. A ƙara shaida na biyu.

Baba Tanimu: A sa ni. Kuma Shehu ka turo min yaron ranar Juma'a bayan masallaci, akwai littattafai a kwali ƙarƙashin gadona da gara ke nema ta riga shi.

Kabiru Ɗan Kusfa: In ya yi hutun farko zan tafi da shi Kaduna ya riƙe min fayil, ya shaƙi ƙurar tun da wuri mu ga ko zai jure. Kuɗin motarsa a kaina, abinci a kan yayansa.

Malama Rabi: Ya fara rajistar da wuri, yana buƙatar lambar NIN da BVN da takardar gurbin JAMB, kuma sunan ya zama iri ɗaya a dukkansu, harafi ɗaya in ya bambanta sai ya yi ta zarya.

Alhaji Ɗanladi Bakano: To an gama da Nura. Shehu, kaftanina fa? Sati uku ke nan, ko shi ma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa?

Shehu Tela: Alhaji saura maɓalli, kuma mai sa maɓallin ya tafi Samaru karɓo fom.